Yadda za ka kai iyali malahi a Saudiyya ba tare da layi ya cinye muku dare ba

Duk wanda ya taɓa kwasar yara zuwa malahi, wato filin wasanni da lilo, a Jidda ko Riyad a daren Alhamis ya san yadda lissafin yake ƙarewa. An biya kuɗin mota, an biya na shiga, an shafe awa 5 a ciki, amma in aka tambayi yaro abin da ya hau, da ƙyar ya ƙirga huɗu. Sauran lokacin a tsaye aka cinye shi ana kallon ƙeyar na gaba, ƙaramin yana kuka, babbar tana kumbure-kumbure, maigida yana lissafin riyalan da suka tafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen ƙasar nan, da mu da muke zaune cikinsu, rana ɗaya muke fita, lokaci ɗaya muke isa, kuma da an shiga ƙofa kowa wasa ɗaya yake nufa. Wanda ya ɗan kauce wa wannan agogon na jama'a, ko da na awa biyu ne, zai hau abubuwa fiye da na maƙwabcinsa da kuɗi iri ɗaya. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Wuraren ma sun yawaita yanzu. Tun da aka kafa hukumar nishaɗi ta ƙasa a 2016, aka fara bikin Riyadh Season a 2019, sai ga Boulevard City a unguwar Hittin, sai Boulevard World da aka buɗe a 2022. A Jidda akwai Al Shallal a Kornish, titin bakin teku, wanda yaran Makka da Jidda da yawa a nan suka fara hawan lilo. A ƙarshen 2025 kuma aka buɗe Six Flags Qiddiya City a garin Ƙiddiyya, gindin duwatsun Tuwaiƙ, fiye da kilomita 40 daga tsakiyar Riyad, inda jirgin wasa na Falcons Flight yake, mai gudun da ya kai kilomita 250 a awa a kan dogo mai tsawon fiye da kilomita 4. Tsarin kowane wuri daban ne, amma halin layi ɗaya ne a ko'ina.

Fara da zaɓen rana

Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, saboda haka daren Alhamis da daren Juma'a su ne mafi cika. Asabar da dare ta fi sauƙi, domin gobe Lahadi akwai makaranta da aiki, iyalai da yawa ba sa daɗewa. Amma in kana da hali, Lahadi zuwa Talata su ne ranakun mai wayo. Na san ba kowa ke da wannan halin ba. Direban gida ko mai aikin shago ba shi yake zaɓen ranar hutunsa ba. To, wanda hutunsa ya faɗo a tsakiyar mako, kada ya yi baƙin ciki, shi ne ya ci riba.

Akwai ranakun da ya kamata ka ja musu layi a kalanda ka bar wa masu ƙarfin hali: kwanakin ƙaramar Sallah da babbar Sallah, ranar ƙasa 23 ga Satumba, ranar kafuwa 22 ga Fabrairu, da makon farko na kowane hutun makaranta. Haka nan makon farko da aka buɗe sabon wuri, lokacin da kowa ke son ya ɗauki hoto ya sa a waya kafin abokinsa.

Ga wani abu da baƙo ba zai sani ba. Ma'aikatan gwamnati ranar 27 ga watan Miladiyya suke karɓar albashi, kuma ƙarshen makon da ya biyo baya kasuwanni da wuraren shaƙatawa cika suke yi. Tsakiyar wata, lokacin da aljihu ya fara sanyi, layi ma sanyi yake yi. Daren da ake babban wasan ƙwallo, Hilal da Nasr a Riyad ko Ittihad da Ahli a Jidda, samari da yawa suna gaban talabijin ko a filin wasa, kuma samari ne ke cika layin manyan jirage.

Ka kuma duba hasashen yanayi. Iska mai ƙarfi, guguwar ƙura ko ruwan sama suna sa a dakatar da wasanni masu tsayi, sai jama'ar da ke can su kwararo kan sauran. Wasu wuraren kuma suna ware ranaku ko sa'o'i ga iyalai ko mata zalla, sai ka tabbatar kafin ka ɗebo samarin gidanka a mayar da su daga ƙofa.

Abin da ake gamawa tun daga gida

Layi na farko da ke cin mutane ba na lilo ba ne, na tagar sayar da tikiti ne. Wannan kuwa ana kashe shi daga kan tabarma. Tikitin Riyadh Season da yawancin bukukuwan ƙasar a manhajar webook ake sayensu, manyan wurare kuma suna da shafukansu. Sayi naka da wuri, ka karanta abin da ya ƙunsa. A wasu wuraren kuɗin shiga daban, kuɗin hawa daban, ana zuba kuɗi a kati ko a abin ɗaurawa a hannu. In haka tsarin yake, lissafa abin da yaran za su hau ka zuba kuɗin gaba ɗaya sau ɗaya. Masu zuba riyal 50 yanzu, su dawo bayan rabin awa su ƙara 50, su ne suke bin layin zuba kuɗi sau huɗu a dare ɗaya.

Sannan a auna tsayin yara. Wannan ƙaramin aiki ne amma shi ne yake hana hawaye mafi zafi. Kowane wasa yana da mafi ƙarancin tsayin da ake yarda da shi, ana rubuta shi da santimita a bakin layi da kuma shafin wurin, kuma ma'aikaci ba zai saurari roƙo ba, bai kuma kamata ya saurara ba, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne daidai wani girman jiki. Jingina kowane yaro da bango, sa alama, auna, rubuta a waya. Daga nan ka zauna da su ka ce: kai waɗannan ne naka, ke waɗannan ne naki. Yaron da ya san tun daga gida cewa bana bai kai hawan babban jirgi ba, ba zai tsaya minti 40 a layi a fitar da shi a gaban jama'a ba.

Ka sa kowane yaro ya zaɓi abu biyu da in bai hau ba ransa zai ɓaci. Biyu kawai. Su za a fara nema, sauran duk ƙari ne.

Batun sutura ma yana shiga lissafin lokaci. Manyan jirage ba sa yarda da jaka, ko waya a hannu, ko duk abin da iska za ta iya fizgewa. Mace ta sa hijabin da ke zama daram, ta ɗaure shi ko ta cusa bakinsa cikin abaya. Mayafi mai yawo zai sa a tsayar da ita a gyara, jirgi yana jira, na baya suna tsaki. Namiji ya bar hula da rawani a mota, ya sa takalmin da ba ya zamewa, ba silifa ba. Wanda ya sa riga da wando ya fi mai doguwar jallabiya saurin zama a ɗaure shi. Jaka ɗaya tak ga iyali duka, a hannun wanda ba zai hau ba, ta fi a je ana neman akwatin ajiya, wanda shi ma layinsa daban.

A cika waya da caji, a ɗauki fawa-bank, kuma kowa ya yi alwala kafin a fita. Amfanin alwalar zai zo nan gaba.

Awa biyu na farko

Saboda zafi, yawancin wuraren nan sai da yamma suke buɗewa, wajen La'asar ko bayanta kaɗan, su kai tsakar dare ko su wuce. Jama'a kuwa ba sa fitowa sai bayan Magariba, tururuwar gaske kuma sai bayan Isha. Tsakanin buɗe ƙofa da kiran Magariba, nan ne duk ribar ranar take. Ka yi nufin isa ƙofa minti 30 kafin a buɗe, kuma ko a hakan za ka tarar da waɗanda suka riga ka, in kana taƙama da sammako wani a hanya ya kwana. Ba komai, su kaɗan ne.

Lissafa hanya da kyau. Titunan arewacin Riyad da ke kai wa Boulevard suna cushewa da daddare lokacin biki, Ƙiddiyya kuma tafiya ce ta sosai daga cikin gari. Mai tasowa daga Makka ko Madina zuwa Jidda a jirgin ƙasa na Haramain ya duba lokacin jirgin komawa na ƙarshe tun kafin ya tsara darensa. Buɗe tikitin a waya tun kana cikin mota, domin a bakin ƙofa, inda dubban wayoyi suka taru, sabis yakan yi nauyi, sai ka tsaya kana girgiza waya mai duba tikiti yana kallonka.

Da kun shiga, kada a tsaya hoto. Wannan shi ne yaƙin da za ka yi da iyalinka, kuma ka yi shi da fara'a. Za ka ji an ce, "Baba, tsaya mu ɗauka a nan," sai ka ce hoto ya fi kyau da dare in an kunna fitilu, kuma gaskiya ce. Ku wuce kai tsaye zuwa wasan da ya fi kowanne suna. In wurin babba ne, ku fara daga can ƙarshensa ku riƙa dawowa wajen ƙofa, domin ɗabi'ar mutane ce su afka wa abin da suka fara gani. Wasanni masu tsayi a fara da su saboda wani dalili kuma: in iska ta tashi da dare aka rufe su, kun riga kun sha naku.

Abinci, shagunan tsaraba, wasan harbi don cin 'yar tsana, yawon kallon gine-gine, duk a bar su sai lokacin da layuka suka yi tsawo. Waɗannan ba sa gudu.

Koyi karanta layi

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya huta har abada. Tsawon layi a ido ba shi ne tsawon jira ba. Duk wadda ta taɓa kai markaɗe ta san cewa ba yawan robobin da ke jere ake dubawa ba, saurin injin ake dubawa. Abin tambaya shi ne: mutum nawa wannan wasan yake ɗauka a awa?

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. Jirgi mai kujeru 24, kuma saboda akwai jirage biyu ko uku a kan dogon, duk bayan minti 2 ɗaya yake tashi. A awa guda an tashi sau 30, an kwashe mutum 720. In mutum 360 ne a gabanka, minti 30 za ka jira, duk da cewa layin ya yi lanƙwasa uku ya ɓace wa ganinka. Yanzu dubi ɗan lilon yara mai kujeru 12. Sai ya tsaya cak, a sauke kowa, iyaye su ɗauki 'ya'yansu, a shigar da wasu, a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, wani ya fashe da kuka a cire shi, sannan a tayar. A ce duk zagayen minti 5 ne. Mutum 144 kenan a awa. Yara 60 kacal a gabanka, layin da kake gani ɗan guntu, minti 25 ne.

Saboda haka wasanni kashi biyu ne. Akwai masu ɗauka ba tsayawa, jirgi na tafiya wani na lodi, ko kwale-kwale na bin kwale-kwale. Layinsu yana tafiya ko da ya yi tsawo, ana iya barinsu zuwa lokacin cunkoso. Akwai kuma masu tsayawa a sauke a ɗora: motocin karo, dawakan zagaye, lilon da ke wurga mutane sama, hasumiyar da ke sakin mutane daga ƙololuwa. Waɗannan kujerunsu ƙidaiyayyu ne, layinsu ba ya motsi sai zagaye ya ƙare, kuma su ne ya kamata a gama da su da wuri, bayan babban jirgin.

Kafin ka shiga kowane layi, tsaya gefe minti biyu. Ƙirga kujerun. Duba agogo daga tashi ɗaya zuwa na gaba. Ƙirga mutanen da ke sahu ɗaya na layin, ka ninka da yawan sahun. Raba yawan mutanen da yawan kujerun, abin da ya fito ka ninka da mintunan zagaye. Ba sai ya yi daidai cif ba. Babban ɗanka da ke sakandare ka ba shi wannan aikin, zai ji daɗinsa, kuma ya rage masa ƙorafi.

Ka lura da abubuwa biyu da ke ɓata lissafin. Na farko, layin da ya shige cikin gini, wanda ba ka ganin cikinsa, a nan tambayi ma'aikacin bakin ƙofa, "Law samaht, kam dagiga?" (wato "Don Allah, minti nawa?") ko ka tambayi waɗanda suka fito yanzu, su suka fi kowa sani. Na biyu, ƙofar masu tikitin tsallake layi. In kana ganin ana ta shigar da mutane ta gefe, to ba duka kujerun ne na layinku ba, sai ka ƙara wa lissafinka.

Allon da ke nuna mintunan jira, ko manhajar wurin in tana da shi, jagora ne mai amfani amma yana bin baya. Abin da ya nuna labarin waɗanda suka shiga ɗazu ne. In manhaja ta nuna wani wasa can nesa minti 10 ne, ka tuna ba kai kaɗai ka gani ba. Kafin ka ja yara ku isa, ya koma 30. Na kusa da kai mai minti 20 ya fi.

Sallah da abinci

Manyan wuraren duk suna da masallaci ko wurin sallah. Abin da ke cin lokaci ba sallar ba ce, layin bandaki da na alwala ne, musamman ɓangaren mata. Wanda ya riƙe alwalarsa tun daga gida, ana kiran Magariba zai shiga sahu na farko, ya idar, ya fito ya tarar da layukan wasa sun yi sauƙi domin rabin jama'a suna can suna jiran famfo. Kada ka shiga layin minti 40 saura minti 15 a kira sallah; ko ka fita ka yi asarar tsayuwarka, ko ka tsaya zuciyarka ba daɗi. Duba lokutan sallah na ranar ka tsara manyan layuka a tsakaninsu. Wanda ya zo daga wani gari mai nisa ya san sauƙin da aka yi wa matafiyi.

Abinci kuma, mutanen nan cin darensu a makare yake, daga ƙarfe 9 zuwa sama gidajen abinci a cike suke. Ku ci abinci mai nauyi a gida kafin fita, ku ɗan taɓa wani abu bayan Magariba lokacin da kantunan ba kowa, sannan lokacin da jama'a suka zauna cin nasu ku koma layi. Sai dai kada a cika ciki da shawarma a hau abin da ke juya mutum. A ba shi ko rabin awa. Dokar shiga da abinci daga waje ta bambanta, a duba kafin a dafa.

Raba runduna

Iyalinmu ba ƙanana ba ne. Fita ɗaya za ka ga mutum 9: maigida, uwargida, yara, ƙanwar matar, da Hajiya Kaka da aka ce ita ma ta zo ta sha iska. In duk kuka ce sai kun bi kowane layi tare, rabi suna jiran abin da ba za su hau ba. A raba biyu: manyan yara da babba ɗaya su nufi manyan jirage, ƙanana da wani babban su nufi ɓangaren yara. A sa lokaci da wurin haɗuwa, wuri mai suna wanda kowa zai gane, ba "wajen fitilar nan" ba. Hajiya a samar mata kujera a inuwa kusa da masallaci, da ruwa da jakar iyali, kada a wahalar da ƙafafunta. Mai larura ko mai keken guragu ya fara zuwa ofishin kula da baƙi a bakin ƙofa ya tambayi tsarin da aka yi musu.

In akwai jariri kuma uwa da uba duk suna son hawa, tambayi ma'aikaci ko suna da tsarin musaya: a bi layi sau ɗaya, ɗaya ya hau ɗaya ya riƙe yaro, in ya sauko ɗayan ya hau ba tare da komawa baya ba. Manyan wuraren wasa na duniya suna yin haka, tambaya kuma ba ta cin kuɗi. Haka nan in ka ga ƙofar masu hawa su kaɗai, wadda ake cike gurbin kujerar da ta rage da su, saurayi ko magidancin da bai damu da wanda zai zauna kusa da shi ba zai iya rage jiransa sosai. Ga 'yan mata ban ba da wannan shawarar ba, tunda ba ita za ta zaɓi maƙwabcin kujerarta ba. Su shiga bibbiyu.

Sai maganar "Yaya, kama mana layi." Mutum ɗaya ya tsaya, in ya kusa kaiwa sai shida su ɓullo suna ratsa mutane suna "ɗan'uwanmu na gaba." Ni dai ban ga kyan wannan ba. Haƙƙin waɗanda suka tsaya ne ake ci, wurare da yawa sun hana, kuma shi ne kan gaba wajen jawo cacar baki. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, rigima a gaban jami'an tsaro ba ta taɓa yi wa mai iƙama, wato takardar izinin zama, daɗi. Uwa ta fita da yaro ɗaya zuwa bandaki ta dawo, wannan kowa yana fahimta, musamman in ta sanar da na bayanta kafin ta fita.

Kafin a rabu, ɗauki hoton kowane ƙaramin yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu ko a abin hannunsa, ka nuna masa irin rigar ma'aikata ka ce in bai gan ku ba wajensu zai je.

Tikitin tsallake layi: a saya ko a bari?

Kamfanin Disney ne ya shahara da wannan tsari tun 1999, lokacin kyauta yake ba da shi, ka karɓi takarda mai lokacin dawowa ka tafi yawonka. Daga 2021 ya mayar da shi na kuɗi, kuma yau manyan wurare da yawa suna sayar da irinsa. Ba ya ƙara wa jirgi kujera ko ɗaya. Kujerun da ake da su ake raba wa layi biyu, masu kuɗi su wuce, na talakawa ya ƙara nauyi.

Shawarata, kada ka saye shi tun daga gida in ranar aiki za ka je kuma da wuri za ka isa, asarar kuɗi ce. In dole ta sa sai daren Alhamis ko cikin hutun Sallah, ko ka taso daga wani gari musamman kuma dare ɗaya gare ka, to yana iya biyan kansa. Ko a nan ma ba kowa za a saya wa ba. Yara ƙanana ba ruwansu da manyan jirage, Hajiya ba hawa za ta yi ba. A saya wa biyu ko ukun da suka zo don su. Karanta sharuɗɗan da kyau: wasu sau ɗaya ne a kowane wasa, wasu ba su haɗa da wasan da ya fi suna ba, wanda kuma dominsa ka saya. Ka sani kuma yawansu ƙayyadadde ne, a ranar cunkoso suna iya ƙarewa da wuri, saboda haka in ka shiga ka ga alamar ranar za ta yi zafi, yanke shawara nan take.

Cikin layin kansa

Ruwa a hannu koyaushe. Zafin Riyad busasshe ne, mutum yana bushewa bai sani ba. Na Jidda kuma gumi ne da ke jiƙa riga ko da dare. A hunturu Riyad da Ƙiddiyya sanyi suke yi sosai bayan Isha, a taho da rigunan sanyi. Kowane yaro ya shiga bandaki kafin dogon layi, ko ya ce ba ya ji. A riƙe dabino ko biskit a aljihu. Jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi gajiyar da yaro, don haka gaya masa gaskiya: jirgi zai tashi sau takwas kafin namu, ƙirga mana. Kacici-kacici da tatsuniya ma suna aiki a nan fiye da ba shi waya, wadda cajinta kake buƙata.

In wasa ya tsaya kuna cikin layi, kada ka yi saurin fita. Tambayi ma'aikaci ko gyara ne ko iska. Ƙaramar tangarɗa sau da yawa ba ta daɗewa, kuma mutanen gabanka da suka fusata suka fita sun matsar da kai gaba. Ba shi minti 10. In iska ce ko ƙura, wannan ba hannun kowa, ku tafi wani abin na cikin gini. In kuma ka hango wasan da aka rufe ɗazu ya fara gwaji da kujeru babu kowa, matsa kusa, ana dab da buɗe shi.

Awar ƙarshe da fita

Layuka suna sake yin sauƙi lokacin wasan wuta ko wani babban nuni a dandali, da kuma awa ɗaya kafin rufewa, sa'ad da masu ƙananan yara suka fara tafiya. In naka manya ne kuma gobe ba makaranta, wannan dama ce ta biyu ta maimaita abin da suka fi so. Sai dai a tambayi ma'aikaci ƙarfe nawa ake rufe bakin layin, domin wasu wasannin ana daina karɓar mutane kafin lokacin rufe wurin gaba ɗaya.

Layi na ƙarshe yana waje. Wanda ya zo da motarsa ya ɗauki hoton alamar wurin da ya ajiye ta tun da rana, kuma in ya samu zaɓi ya ajiye kusa da hanyar fita, ba kusa da ƙofar shiga ba. Mai kiran Uber ko Careem ya san kuɗin yana tashi daidai lokacin da kowa ya fito. Ko dai ku fita minti 40 kafin rufewa, ko ku zauna ku sha shayi har tururuwar ta wuce. In wurin ya ware inda motocin haya ke ɗaukar mutane, ku je can ku tsaya kafin ka danna kira, kada direba ya iso yana zagaye kai kuma kana can ciki kana neman takalmin autanka.